Yadda Ake Gano Iyakar da Haidirojin ke Kama Wuta

Ba kowane cakuɗen haidirojin da iska ne ke cin wuta ba. In haidirojin ya yi kaɗan, tartsatsi zai tashi ya mutu a banza. In kuma ya yi yawa har ya kore oksijin, nan ma wuta ba ta kamawa. A tsakani haɗarin yake, kuma wannan tsakanin faɗi gare shi: daga kashi 4 har kashi 75 cikin 100 na iskar wurin. Metan, babban sinadarin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, tsakanin kashi 5 da 15 kawai yake kamawa.

Da awo ake farawa. Tsohuwar hanyar, wadda Coward da Jones suka bayyana a rahoton Hukumar Ma'adinai ta Amurka na 1952, ita ce a tsayar da bututun gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin santimita 5, a cika shi da cakuɗen da aka san adadinsa, a kunna daga ƙasa, a zuba ido. In harshen wuta ya haura har ƙarshe, cakuɗen mai kamawa ne. Sai a rage haidirojin kaɗan a sake, a yi ta ragewa har a iso inda wutar ke mutuwa a hanya. Yanzu an fi amfani da rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a saki tartsatsi, a duba ko matsin ciki ya ɗaga.

Akwai wani abu a nan da bai kamata a tsallake ba. Kashi 4 ɗin nan na wutar da ke haurawa sama ne. In daga sama aka kunna, ba ta gangarowa sai haidirojin ya kai wajen kashi 9, domin zafi sama yake nufa, yana jan wutar tare da shi. Injiniyan kirki da ƙaramin adadin yake aiki, tunda bai san ta ina tartsatsi zai ɓullo ba.

Daga nan sai a gyara adadin ya dace da wurin aiki, don ma'aikata ba ɗakin gwaji ba ce. Zafi na faɗaɗa iyakokin biyu. Tururi da naitirojin kuwa matse su suke yi: in tururi ya wuce wajen kashi 55, ko oksijin ya sauka ƙasa da wajen kashi 5, wuta ba ta kamawa. A 1957 Shapiro da Moffette suka zana wannan a taswira mai kusurwa uku, haidirojin da iska da tururi, kuma masu kula da tashoshin nukiliya na duba ta har yau. Taswirar na nuna cewa ɗakin da tururi ya kare yana iya zama tarko da zarar tururin ya huce ya koma ruwa. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, cikin Maris 2011, haidirojin da ya fito daga haɗuwar tururi da ƙarfen da ke lulluɓe makamashin ya taru, ya fasa gine-gine uku.

In an gauraya haidirojin da wani gas, ana amfani da ƙa'idar Le Chatelier ta 1891. A raba kason kowane gas da iyakarsa, a tara, sannan a raba 1 da jimlar. Misali, haidirojin kashi 20 da metan kashi 80: 0.2 raba 4, a haɗa da 0.8 raba 5, ya ba da 0.21, iyakar ƙasa ta zama wajen 4.8. Ta sama kuwa ta tashi daga 15 zuwa kusan 18.

Inda awo ke da tsada ko haɗari, kwamfuta ke lissafa zafin da ƙunar za ta samar da wanda zai zurare, ta nuna inda harshen zai mutu. A ganina kuskure ne a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Haidirojin na da saurin kutsawa cikin iska, yana kai kansa ga wuta, shi ya sa lissafin da ya dace da metan kan kauce a kansa. Duk hasashen da ba a gwada shi da awo na zahiri ba, ban yarda a gina ma'aikata a kansa ba.

Aiki na ƙarshe shi ne a ja da baya nesa da iyakar. Galibi ana saita na'urar gargaɗi ta yi ƙara a rubu'in iyakar ƙasa, wato kashi 1, a kafa ta can sama kusa da rufi, inda gas ɗin ke taruwa saboda rashin nauyi. Ba shi da wari ko launi, hanci ba zai taimaka ba. Wannan ya shafi masu sola a garuruwanmu: batir mai ruwa yana fitar da haidirojin lokacin caji, musamman in cajin ya wuce kima. Ɗakin batir na buƙatar kafar iska a sama, kuma kada a ajiye janareta ko a kunna ashana a ciki.