DARASI: Kaka ta yi, kada a bar lambun gida ya mutu

'Yan uwa masu kiwon kaji da kifi, musamman na Kongolam, Mai'aduwa da sauran ƙasar Daura.

A yankin nan ruwan sama kan ɗauke daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, ƙasar kuma rairayi ce, ba ta riƙe laima. Daga nan mutane da yawa ke sakin lambun bayan gida sai wata daminar. Alhali mai kaji ko kifi yana da abu biyu da masu lambu ke kashe wa kuɗi: taki da ruwa. Sanyin hunturu kuwa shi tumatir, salak, kabeji, karas da albasa suka fi so. Sai dai fa komai da lokacinsa.

1. Kwashe amfanin damina

Kuɓewar da ta rage a yanka ta a shanya. Zogale, rama da yakuwa a shanya su a inuwa inda iska ke shiga, don rana na kashe musu launi da amfani. A bar kuɓewa masu kyau kaɗan su bushe a jikin uwa domin iri, a adana a kwalba mai murfi. Tsiron da ya yi cuta a tumɓuke a ƙona, kada ya shiga taki. Ganye mai lafiya da ya rage a ba kaji.

2. Kewaye wurin

Da an gama girbi ake sakin awaki da tumaki, ga kuma kajin gida. Rana ɗaya ta ishe su cinye aikin wata guda. A yi darni da karan gero ko dawa, a ƙara masa kauri ta gabas da arewa, don ta nan iskar hunturu ke bugowa.

3. Ruɓar da kashin kaji

Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. A tara shi da dusar katakon da aka share daga ɗakin kaji, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako. Yana ɗaukar mako 6 zuwa 8. In ya daina zafi da wari, ya yi baƙi, to ya nuna. Ke nan wanda ka tara a Oktoba sai Disamba zai yi amfani. Fangalin farko a yi shi da tsohon taki: bokiti ɗaya a fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, a cakuɗa da ƙasa sosai.

4. Kada a makara da shuka

A yafa irin tumatir daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, a dasa bayan mako 3 zuwa 4, a fara tsinka a Janairu ko Fabrairu. Wanda ya makara, furensa zai haɗu da zafin Maris da Afrilu ya zube. Lokacin ne kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ke ƙarfi, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano, Kaduna da Katsina a 2016. Albasa tana yin mako 6 zuwa 8 kafin dashe. Karas ba a dasa shi, inda aka shuka nan yake zama. Mai son cefanen gaggawa ya zuba alayyahu, cikin wata guda zai fara yanka.

5. Ruwan tankin kifi

Ruwan da kake canja wa tarwada yana ɗauke da kashin kifi da ragowar abinci, wato taki ne a narke. Tanki mai lita 1,000 in ka zubar da rabi, lita 500 ke nan, jarka 20 masu lita 25, alhali fangalin da muka ambata jarka ɗaya ta ishe shi a rana. Amma a kula:

- A zuba a gindi, ba a kan ganye ba, musamman salak da ake ci ɗanye.
- Ranar da aka sa wa kifi gishiri ko magani, kada ruwan ya je lambu.
- In ya yi kauri da wari, a sirka da ruwa mai kyau.
- A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe.

Mai farawa kada ya cika buri. Fangali biyu ko uku da za ka iya ba ruwa kullum sun fi goma da za su bushe a Janairu. Wanda ba shi da fili ya cika tsofaffin buhunan abincin kaji da ƙasa da taki, ya huda gindinsu, ya dasa tumatir ɗaya a kowane buhu. Kuɗin cefanen da ka huta saye, shi zai koma abincin kaji da kifi.

Aikin wannan makon: tara taki, kafa darni, nemo iri. Allah Ya sa albarka a nema.