Darasi: Zama da Tsohuwar da Gigin Tsufa Ya Kama

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi uwar miji ko mahaifiya wadda ta fara cewa kin sace mata kuɗi, ko ta ci tuwo ta ce an hana ta abinci, ko ta ƙulla kayanta da magariba ta ce za ta gidan ubanta, alhali ya rasu da daɗewa.

A ƙasashe irin su Ingila, horo ake ba ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi kan irin wannan hali. Mu kuwa a ƙauyukan Bichi da Dambatta da Tsanyawa, ke ce ma'aikaciyar, ba horo, ba mai karɓar ki.

Na farko, ki sani gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma neman fitina ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce sanadinsu.

Na biyu, faɗa da ihu suna da dalili, sai dai ta kasa faɗinsa. Ki duba: yunwa ce, ƙishirwa, ciwon jiki, rashin yin bayan gida, ko hayaniyar yara? Idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, musamman da zazzaɓi ko zafin fitsari, a kai ta asibiti ranar. Idan faɗan ya gagara, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano.

Na uku, kada ki yi musu da ita. In ta ce an sace kuɗin, ki ce, "Sannu Iya, zo mu duba tare." In ta ce za ta gida, ki zaunar da ita ki tambaye ta labarin gidan. Ki ba hannunta aiki, ɓare gyaɗa ko tsince wake. Ki kunna fitila kafin duhu, domin da yamma ruɗewar ta fi tsananta. A rufe rijiya, a nesanta ta da murhu. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta. In ta rikita raka'o'i ki ƙyale ta, wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi.

Na huɗu, ke ma kina da hakki. Ki sami maigida cikin ladabi a raba kwana tsakanin matan gida da 'ya'yanta. Wadda ba ta samun barci, haƙurinta ba ya nisa.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.