Darasi Ga Dillalai: Yadda Ake Cire Tsohuwar Fankar Banɗaki

Darasinmu na wannan fitowa a kan fankar nan ce da ake kafawa a bangon banɗaki, mai zuƙe tururi da wari ta fitar waje. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011 ake ta gyaran tsofaffin gidaje don haya, har Kurfi, kuma irin waɗannan fankoki suna faɗowa hannun 'yan gwangwan. Muna ganin da yawa an ɓalle su da guduma, kuɗinsu ya koma na kilo. To, darajar fanka wajen cirewa take tsayawa ko ta zube.

Da farko, kada wanda ya ce ai Nepa ta ɗauke, bari in yi sauri. Wuta ba ta sallama in za ta dawo, kuma ƙarfinta 230 ne, ya isa ya kashe ƙato, balle a ɗaki mai jiƙaƙƙen daɓe. A je babban makunni a kashe, a zare fis a sa aljihu. In gidan yana da janareta ko batirin sola, su ma a raba su da layin. Sa'an nan a dafa tasta a kan kowace waya. Bisa al'ada ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa, amma mun sha ganin gidan da aka juya su, don haka launi ba shaida ba ne.

Sai a kwance murfin gaba da sukudireba. Kusoshin sukan yi tsatsa saboda laima. A ɗiga masu baƙin mai ko kananzir, a je a sha ruwa a dawo. Wayoyin a kwance su daga mazauninsu, kada a datse, don mai saye yana son fanka da jelarta. Waɗanda suka rage a bango a naɗe bakin kowace daban da baƙin salatif. Manyan fankoki suna da kwandansa mai riƙe sauran wuta ko an kashe, kada a taɓa ƙafafunta da yatsa. In a gilashin taga take, tilas mutum biyu, ɗaya ya tallafe ta waje.

Yanzu ga inda riba take. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu, ƙurar hunturu ce ta cushe su, man gindin ya bushe. Ka juya fiffiken da yatsa. In ya zagaya sumul, ko ya ɗan cije, goge da ɗigon mai sun isa. Ka sansana kwayil: warin ƙuna na nufin sai naɗi, ka rage tayi. Ka ɗan kankare wayar kwayil ɗin. Ja har ciki jan ƙarfe ne, in fari ya leƙo alminiyam ne aka shafa wa launi, kuɗinsu ba ɗaya ba. Tsofaffin Xpelair na Ingila sun fi nauyi a hannu, masu gyara kuwa suna nemansu. A auna faɗin, inci 6 ne ko 9 ko 12, gama mai saye ramin bangonsa yake wa ciniki.

Ramin da aka bari a toshe shi ran nan, ko da katako, in ba haka ba ƙadangaru da feshin damina su shigo, mai gida ya biyo dillali. Kuma kada a karɓi fanka hannun yaro sai an san gidan da ta fito da wanda ya ba da izini.