Za Ka Kai Hajiya Fas? Ga Yadda Ake Zaga Tsohon Birnin da Ɗan Jagora

Wani mai bibiyar wannan fili ya aiko da tambaya. Ya ce zai kai mahaifiyarsa ziyarar Shehu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko, kwana uku za su yi a garin, kuma yana so bayan ziyara su ga tsohon birnin da kasuwanninsa. Wasu sun ce masa ya nemi ɗan jagora, wasu sun ce asarar kuɗi ce tunda ga taswira a waya. Wanne zai ɗauka?

Malam, Allah ya yi albarka, ya sa Hajiya ta je lafiya ta dawo lafiya. Nemi ɗan jagora, amma na rabin yini kawai, kuma kada ka sakar masa linzami.

Maganar taswirar waya, ajiye ta gefe. Tsohon birnin, wanda suke kira Fas el-Bali, ba a zana shi a takarda kafin a gina shi ba. Garuruwa biyu ne a da, ɗaya a kowace gaɓar kogi: Maulaya Idrisu na farko ya kafa ɗaya wajen shekarar 789, ɗansa Idrisu na biyu ya kafa ɗayan wajen 809, sai a ƙarni na 11 Yusuf bin Tashfin ya haɗe su cikin ganuwa guda. Tun daga nan ake ta gini a kan gini. Lungunan dubbai ne, wasu da ƙyar mutum biyu ke giftawa, wasu an yi ɗaki a samansu sun zama kamar rami, da yawa kuma ba sa ɓullewa. Mota ba ta shiga. Idan ka taɓa ɓata a lungunan cikin birnin Kano, to ka ɗauko su ka matse, ka ɗaga katangun hawa uku, sannan ka jingina su a jikin gangare. A irin wannan wuri ɗigon da ke nuna inda kake a waya tsalle yake ta yi daga wannan rufi zuwa wancan. Kai kaɗai ne, ɓatan ma wani yawon ne. Amma da tsohuwa a bayanka, ƙafa ta gaji, lokacin salla ya matso, ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda ba kasafai ake gaya wa baƙo ba. Ɗan jagora aljihu biyu gare shi. Ɗaya kai ne kake zuba masa kuɗin rakiya. Ɗayan kuwa masu shaguna ne ke cika shi da la'ada a kan duk abin da ka saya yana tsaye. Ba laifi ba ne a wajensu, haka sana'ar take tafiya, kuma shi ma yana da iyali. Sai dai la'adar nan ba daga ribar mai shago take fita ba, a kan kayan ake ɗora ta, kai za ka biya. Shi ya sa wanda ya yi maka kuɗin rakiya mai arha sosai shi ne mafi tsada: zai kai ku masallaci ku yi minti biyar, ya kai ku gidan darduma ku yi awa guda ana ta zuba muku shayin na'ana'a ana warware kilisai har kunya ta sa ka saya.

Maganin wannan tun kafin a taka ƙafa ake yin sa. Ka sa masu masaukinku su kira maka mai lasisi. Na gaskiya yana da katin shaida daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar, da hotonsa a jiki, kuma ba ya jin haushi idan ka ce ya nuna. Samarin da ke tare baƙi a bakin ƙofar gari suna cewa su ɗalibai ne, hanya kawai za su nuna, ba su da izinin wannan aiki, kuma hanyar tasu a shagon ɗan'uwansu take ƙarewa. Idan wani ya sha gabanku ya ce hanyar nan a rufe take, ku biyo ni, ce masa "la, shukran", ka ci gaba da tafiyarka. Da mai lasisin kuma ku zauna a zauren masauki ku gama magana: nawa ne, awa nawa, na mutum biyu ne ko na kowane kai, da wane harshe. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Larabcin kasuwar Maroko ya yi nisa da wanda aka koya a Islamiyya, mai ji da nahawunsa ma sai ya tsaya yana zare ido. Ka ce kana son mai Larabcin littafi, ko Turanci, ko Faransanci idan ta wajen Damagaram ko Maraɗi ka fito. Sannan ka faɗa masa ƙarara cewa yau ba ranar sayayya ba ce, kuma idan ya riƙe alkawari akwai ihsani a ƙarshe. Gara ka ƙara masa da hannunka, ka san nawa ka ba da.

Abu na biyu da za ka gaya masa: ku Musulmi ne, kuma za ku shiga masallatai. Ka ga kamar ba sai an faɗa ba, amma hanyar da 'yan jagora suka saba bi don Turawa aka tsara ta, su kuwa a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga yawancin masallatai. Don haka ƙafarsa ta saba da tsayawa a bakin ƙofa, a leƙa, a ɗauki hoto, a wuce. Idan ba ka yi magana ba haka zai yi da ku.

Tafiyar kuma daga sama za ku fara. Birnin a cikin kwari yake, ƙofar Bab Bujlud tana can bisa tudu, kogin yana ƙasa. Ku hau ƙaramar tasi, irin jajayen nan, ta sauke ku a Bab Bujlud wajen ƙarfe tara, ku yi ta gangarawa har filin Rasif, inda mota ke iya zuwa. Wanda ya juya wannan tsari zai yi ta hawa da rana tsaka, gwiwar Hajiya kuwa ba za ta yafe masa ba. Ita ƙofar, duk da kwarjininta, ba tsohuwa ba ce can, a 1913 aka gina ta zamanin Faransawa. Shuɗiya ce ta waje, koriya ta ciki. Ku ɗauki hoto ku wuce.

Daga ƙofar tituna biyu ne ke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira. Ku bi babban. Da farko 'yan kayan miya ne da mahauta da masu zaitun, kaji a keji, wani lokaci har kan raƙumi a rataye don a san naman da ake sayarwa. Ba nisa za ku iske makarantar Bu Inaniya, wadda Sarki Abu Inan na daular Banu Marin ya gina tsakanin 1350 da 1355. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ta cancanta. A nan ne nake so ka ja wa ɗan jagora birki. Tsaya a tsakar gidan ka dubi bango ɗaya daga ƙasa zuwa sama: a ƙasa 'yan gutsattsarin tangaran masu launi, kowanne da guduma aka sare shi aka jera, a sama da su rubutun Larabci ya zagaye ginin, sai farar ƙasa da aka sassaƙa kamar saƙar allura, can ƙololuwa katako mai duhu, shi ma a sassaƙe. A saman bene 'yan ɗakunan ɗalibai ne, ƙanana ƙwarai. Sarki ne ya kashe dukiya haka don almajirai su sami wurin kwana da karatu. Idan kun fito, ka ce ya nuna muku bangon da ke fuskantar makarantar, inda ragowar agogon ruwa na zamanin yake, da 'yan tagoginsa a jere.

Kuna cikin gangarawa za ka ji an ce "balak! balak!" a bayanku. Kada ka waiwaya neman mai magana, janye Hajiya ku manne da bango. Alfadari ne ko jaki ɗauke da tukwanen gas ko fatu, ko mai kura, kuma ba shi da wurin kaucewa. Ka sa ta a gabanka koyaushe, ɗan jagora a gabanta. Takalmi mai kama ƙasa za ta sa, domin duwatsun sun sha ƙafa sun yi santsi.

Can ƙasa sai kasuwar masu turare da kayan ƙamshi, Attarin, da makaranta mai wannan suna wadda aka gama a 1325. Ta fi Bu Inaniya ƙanƙanta, ni dai ta fi kwanta mini, amma idan ƙafa ta soma nauyi ɗaya ta wadatar. Ku tanadi ƙarfin don Ƙarawiyyin. Masu tarihi sun ce wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta gina masallacin da dukiyar gadonta a 859, kuma karatu bai yanke a cikinsa ba har ya zama jami'ar da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya. Ibn Khaldun ya zauna a garin nan. A nan kuma Hasan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Daga waje ba za ka gane girman masallacin ba, shaguna da gidaje sun rufe shi ta ko'ina, ƙofofi kawai kake gani. Ku daidaita tafiyar ta kawo ku nan da azahar, lokacin da yake a buɗe. Ka zo da 'yar leda ta zuba takalma, ka tambayi ɓangaren mata, ku yanke ƙofar da za ku haɗu bayan sallama, domin ƙofofin suna da yawa. Mutanen Malikawa ne, kuma da ruwayar Warshu suke karatu, don haka idan Hajiya ta yi makarantar allo, duk sallar da aka bayyana karatu a garin nan kunnenta zai ji abin da ya saba.

Bayan masallacin akwai filin Saffarin na maƙeran tagulla. Kafin ku gan shi za ku ji shi.

Sai majemar Shuwara, wadda kowane baƙo ake kaiwa, kuma a nan aka fi yi wa mutane wayo. Ba a ganin ramukan jimar sai daga saman benayen shagunan fata da suka kewaye su. A bakin ƙofa za a miƙa muku reshen na'ana'a ku kanga a hanci. Karɓa, za ka bukace shi. Daga sama za ka ga ramuka farare, inda ake jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da kashin tattabara don gashi ya zube ta yi laushi, da kuma ramukan rini, ja da ruwan ƙasa da rawaya, mutane tsaye a ciki har cinya suna tattakawa. Da safe aka fi aiki. Matakalar tana da tsayi da ƙunci, idan Hajiya ba za ta iya ba a ba ta kujera a ƙasa, ba ta yi asarar da za ta dame ta ba. Saukowa kuwa ta cikin ɗakunan jakunkuna da riguna da takalma aka bi da hanyar, da gangan. Ka ba yaron da ya hau da ku ɗan abin shan shayi, ka yi godiya, ka fita. Kallo bai wajabta maka saye ba. Idan mai shago ya cika ka da kirarin fatar Maroko, kana iya tuna masa cikin raha cewa wani kaso na abin da Turawa suka daɗe suna kira da wannan suna fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda ayari ke ƙetare Sahara da ita.

Zawiyar Shehu ba ta da nisa da nan, a unguwar Blida, za ka gane ta da hasumiyarta mai koren tangaran. Shehu Ahmadu Tijjani haifaffen Ainu Madi ne ta ƙasar Aljeriya, ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815. Shawarata, ka sa ɗan jagora ya nuna maka hanyarta daga Rasif, ka riƙe alamomi da kyau, amma kada ku yi ziyarar yana tsaye yana duba agogo. Abin da ya kawo Hajiya ke nan, a ba shi ranarsa. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku, ita ce ranar: yawancin shagunan birnin a rufe suke, yawon kasuwa ba zai yi armashi ba, zawiya kuwa tana cika da la'asar don zikiri, kuma da wuya ku rasa mai jin Hausa a cikin taron. Sadaka ka canza ta ƙananan kuɗi tun a masauki. Hoto a ciki, sai ka tambaya.

Sayayya sai rana ta uku, ku biyu, ba mai rakiya. A lokacin ka riga ka san Tala'a Kabira, ka san duk inda ka rikice gangare zai kai ka wajen kogi, hawa kuma zai mai da kai wajen ƙofa. Ciniki ba sai na koya wa Bahaushe ba. Abin lura kawai, kuɗin farko da ake yanka wa baƙo yakan yi sama ƙwarai, don haka ka tambayi abu ɗaya a shago uku kafin ka taya, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar ɗauka. Shagunan da ka ga matan garin suna tsaye a gabansu, irin na Ƙaisariya kusa da hubbaren Maulaya Idrisu na biyu inda ake sayar da yadi da jallabiya da takalma masu tsini, sun fi waɗanda aka rubuta wa allo da Turanci sauƙi. Kuɗi a hannu, dirhami, domin ƙananan shaguna ba sa karɓar kati. Jaka ko takalmin fata kuwa, buɗe ka sa hanci a ciki kafin ka biya. Wadda jimarta ba ta nuna ba tana ɗan wari tun a shago, kuma idan ta sha damina ɗaya a gida ba mai iya zama da ita a ɗaki.