Amsar Tambaya: Wankin Mota Mai Fenti Marar Sheƙi

Malam, ka yi tambaya a kan motarka mai fenti marar sheƙi. Ka sani, Allah ya ƙara maka basira, cewa asirin wannan fenti wani kaushi ne da ido ba ya riska, wanda yake warwatsa haske maimakon ya mayar da shi. Saboda haka duk abin da ya murje kaushin nan ko ya cike shi, walau man goge mota, walau dirza da ƙarfi, zai bar tabo mai ƙyalli wanda ba shi da magani illa sabon fenti.

Idan ƙurar hunturu ta lulluɓe motar, kada ka yarda masu wankin mota su kaɗe ta da busasshen tsumma, alhali kuwa wannan ce al'adarsu. A fara kwarara mata ruwa a inuwa har ƙasar ta sauka, sa'an nan a wanke da sabulun da aka keɓe wa irin wannan fenti, ban da omo, a kuma yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma. Wajen tsanewa a riƙa dannawa a hankali, ban da gogawa.

Amma kashin tsuntsu da ɗigon fetur, wajibi ne a jiƙa su a ɗauke nan take, tun rana ba ta gasa su ba.