Wane Magini Ya Cancanci A Ba Shi Gyaran Gida?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Dawakin Tofa, da zarar kaka ta yi, manomi ya kai gero da wake kasuwar Dawanau ya riƙe 'yan kuɗi, sai hankalinsa ya koma ga ɓarnar da marka ta yi masa: katanga ta zube, soro yana yoyo, azara ta ruɓe. A nan ne da yawa suke kuskure, su miƙa guminsu na shekara ga mutum don kawai suruki ne, ko don ana ganinsa a sahun farko.

Alƙur'ani ya kafa ma'auni a Suratul Ƙasas, aya ta 26, inda 'yar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Masu tafsiri sun ruwaito cewa sai da mahaifin ya tambaye ta yadda ta san haka, ta kuwa kawo abin da ta gani da idonta. Ƙarfi ga magini shi ne gwaninta. Salihin da bai san azarar namijin giginya ta fi ta macen ƙwari ba, zai kayar wa mutum da ɗaki da kyakkyawar niyya. A Hijira, shekarar 622, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki ɗan jagora daga Banu Dili wanda a lokacin bai musulunta ba, don ya san hanya kuma sun amince da shi. Buhari ya ruwaito wannan daga Nana A'isha.

To, ta yaya ake gane amana? An ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya shaida masa cewa ashe bai san shi ba. Saboda haka wanda za a tambaya game da magini shi ne wanda ya taɓa ba shi kuɗin siminti. A ƙasa mai yawan jama'a irin wannan, inda gari yake jin kiran sallar gari, binciken ba ya cin yini guda. Mai gida ya taka ya ga ginin da ya sha damina biyu ko uku, domin sabon yaɓe ba ya ba da shaida. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, ya hau kan maginin da ya jera ɗanyen tubali, ko bulon da yashi ya rinjaya, sannan ya rufe da yaɓe mai kyau.

Bayan zaɓe sai sharaɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 Hijiriyya, ta nuna cewa ijara tana inganta ne idan an yanke lokaci an kuma ambaci lada. Maganar “a fara, ma daidaita” ita ce uwar rigima. A bayyana ko biyan yini ne ko jinga, domin malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan haɗa su biyu a ƙulli ɗaya. Idan maginin ne zai kawo kaya, to ciniki ne da ijara a haɗe, ya halatta, amma a faɗi irin kwano da adadin buhuna. A rubuta, a kafa shaidu. Lada kuma ba ta wajaba tun kafin aiki sai da sharaɗi ko al'ada, don haka babu laifi a biya kashi-kashi.

Akwai wata mas'ala da ba kowa ya sani ba. A mazhabar Malik, mai sana'ar da ya tafi da kayan mutane shagonsa, kamar tela ko kafintan da aka kai wa katako, shi ke ɗauke da lamuni idan suka salwanta, sai fa in ya kawo shaidu. Amma wanda yake aiki a cikin gidan mai kaya ba ya biya sai an tabbatar da sakaci ko ƙetare iyaka. Ashe ke nan idan siminti ya sha raɓa a zauren mai gida, asarar tasa ce. Idan kuwa ginin ya tsaya yadda aka sharɗanta, jinkirta ladan magini zalunci ne, kuma a hadisin ƙudusi na Buhari an lissafa wanda ya ci aikin ɗan ƙwadago ya hana shi lada cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Allah ne Mafi sani.