Auna Ƙarfin Wutar Lantarki Mai Kai-Komo

1.0 Gabatarwa

A unguwanni irin su Hotoro, cikin ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano, inda kamfanin KEDCO yake rarraba wuta tun shekarar 2013, ba kasafai magidanci yake sanin ƙarfin wutar gidansa ba sai ya ga ƙwan fitila ya dusashe ko firji ya ƙone. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake auna wannan ƙarfi da na'urar maltimita mai nuna lamba.

2.0 Ma'ana

Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai bin hanya ɗaya, kamar ta batir, akwai kuma mai kai-komo, kamar ta taransifoma da janareta. A Nijeriya mai kai-komo tana yin zagaye 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin ƙarfinta shi ne bolt, wanda aka samo daga sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙago batir a 1800. Ƙarfin da aka ƙayyade wa gidaje bolt 230 ne.

3.0 Matakan Awo

i. A duba wayoyin na'urar. Idan robarsu ta tsage, kada a yi amfani da su.

ii. A sa baƙar waya a ramin COM, ja kuma a ramin V. Kuskure mafi haɗari shi ne barin jar waya a ramin A, domin hakan yana haɗa wayoyin gida kai-tsaye, tartsatsi ya tashi.

iii. A murɗa makunni zuwa alamar V~, a kan lambar da ta haura 230, wato 600 ko 750.

iv. Da busasshen hannu, kuma sanye da takalmi, a riƙe tsinken kowace waya ta wajen robarsa, a zura su a ramuka biyu na ƙasan soket.

v. A karanta lambar, sannan a fara zare jar waya.

4.0 Fassara Sakamako

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta amince da ƙari ko ragin kashi 10 cikin 100, wato daga 207 zuwa 253. Idan awo ya faɗi ƙasa da haka, injin firji ko na famfon burtsatse yakan ja wuta fiye da kima, ya yi zafi har ya ƙone. Idan kuwa ya zarce, fitilu da talabijin ne cikin haɗari. A kowane hali, sai a kashe kayan a nemi ma'aikacin wuta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin ire-iren wutar lantarki biyu.
2. Me ya sa ba a zaɓar lamba 200 wajen auna soket?